Matar Da Fintan Ke Kaiwa Sinima

A ƙaramin gidan sinimar garin Sligo Orla ta fara ganin Fintan. Duk Alhamis ana nuna fim ɗin da ta fi so, na wasu 'yan'uwa biyu da ke rigima kan wa zai gaji kujerar mahaifinsu a mashaya, alhali gawarsa na kwance a ɗaki. Da akwatin gawar ya maƙale a ƙofa, Orla da Fintan suka fi kowa dariya.

Da aka tashi ya raka ta cikin yayyafi, suka sayi kifi da soyayyen dankali. Soyayya ta ƙullu.

Mahaifiyarta Brid ba ta yi na'am ba. "Ɗan masu shirya jana'iza ne fa. Wanda ke yi wa gawa dariya, ke mai rai me zai yi miki?"

"Mama, fim ɗin ba matattu yake wa ba'a ba, mu masu rai ne."

Sai ga Cathal, wanda ya daɗe yana son Orla, da gulma: yanzu wata mace mai jan mayafi Fintan ke kaiwa sinima. Ranar Alhamis kuwa saƙon Fintan ya shigo: "Zinariyata, yau aiki ya riƙe ni. Gobe ni naki ne."

Orla ta karanta, zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta tafi sinimar ta zauna a layin baya. Ga shi can gaba, mai jan mayafin ta jingina da kafaɗarsa.

Fitila na kunnuwa ta tare su. "Sannu da aiki."

Matar ta juyo. Tsohuwa Nuala ce, wadda aka binne mijinta kwanan baya, idanunta jiƙe da hawaye.

"Kar ki ga laifinsa, 'yata. Marigayi ne ke kawo ni. Na kasa zuwa ni kaɗai, kuma ina kunyar gari ya ji ina dariya da wuri haka. Ni na roƙe shi ya rufa min asiri."

Kunya ta rufe Orla. Fintan ya riƙo hannunta. "Ashe kina da kishi haka?"

"Rufe min baki."

Nuala da kanta ta je ta shawo kan Brid a kan shayi. Da bazara aka ɗaura aure a coci. Brid ta rungume angon, ta ce, "Ga ta nan, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ku tsufa tare."