Fiton Hancin Baiwa

A layin famfon Matameye Cha'ibu ya fara jin fiton, shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma ke riƙe da ƙasa. Siriri ne mai tayar da tsikar jiki, yana zuwa yana komawa. Mata duk sun ja jarkokinsu gefe, sun bar wata budurwa ita kaɗai. Daga hancinta yake fita.

Baiwa ke nan. Shekara bakwai hancinta a toshe, gari kuwa ya gama yanke hukunci: aljani ne ya aure ta, shi ke yin fiton don korar samari. Sun kuwa koru, har uku.

"Ba ka jin tsoro?" ta tambaye shi da ya ɗora mata jarka.

"Ina ji mana. Tsoron kar ki kore ni."

A Damagaram yake aiki, yana riƙe wa wani likita kwamfuta. Da zance ya yi nisa, mahaifiyarsa Hajiya Saratu ta yi tsalle ta dire: "Ɗana ba zai yi takara da aljani ba!"

Sai ya tura wa Baiwa saƙo: "Sanyin idona, ki zo a ɗauki hoton cikin kanki. Ina son in ga hanyar numfashinki."

"Idan shi ka gani fa?"

"Sai in ce ya sake ki, ni ma ina so."

Ta je tare da babanta, suka wuce shingen sojoji uku. Daga hotunan da aka ɗauka, Cha'ibu ya gina cikin hancinta a kwamfuta, ya bi da iska ta ciki, ya kawo wa Hajiya da rana tsaka.

Ga ƙoƙon kai, ba ido ba fata. Baiwa tana can gidansu, amma kanta na nan kan tabarma yana numfashi. Zarurrukan iska shuɗɗa suna shiga hancin, na hagu su cije, su murɗe, su koma ja. Hajiya ta ja da baya.

"Inna, guringuntsi ne ya karkace. Nan numfashin ke matsewa, shi ne fiton."

Ina! Hajiya ta ƙura wa jajayen zarurrukan ido. "Ɗan nan, ashe ka kama shi! Rufe, kar ya fito!"

Cha'ibu ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya fasa. Ya rufe kwamfutar.

Likita ya yi aikin gyaran hancin, bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ranar kai amarya Hajiya ta tsawata wa mata, ɗaki ya yi tsit. Ta kara kunne a fuskar Baiwa, ta daɗe tana saurare, ba fito, sai hawaye.

"'Yata, yafe mini, na ƙi ki a banza. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Baiwa ta ja numfashi har cikin ƙirji, ta ce, "Amin, Inna."