Malama da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

A wani gari can, an yi wata malama mai buga jarrabawar ɗalibai a kwamfuta. Ana gobe jarrabawa aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, malama ta danna maɓalli, shiru. Ta sake dannawa, shiru.

Hedimasta ya ce, "Malama, ki bubbuga ta mana! Haka nake yi wa rediyona."

Ta ce, "Yallaɓai, ni ba na dukan mara lafiya."

Ta zare filogi, ta kwance shi a hankali, sai ga fiyus ya ƙone. Ta canja shi, ta danna. Nan take kwamfuta ta tashi, jarrabawa na nan lafiya lau.

Malama ta gyara zama, ta ce, "Yallaɓai, a kawo mini rediyon nan ma."