Taka, Riƙe, Saki

Ƙafa kawai Tordis take nema ranar da ta fara ganin Eskil. Tana tsugune gindin tayar wata mota a garejin mahaifinta Halvard, ta gama sa sababbin takalman birki, saura zubar da tsohon man birki, aikin da mutum ɗaya ba ya yi. Sai ga Eskil, sabon direban janwen garin, ya leƙo neman kofi.

"Kai mai dogayen ƙafafu, shiga ka taka min birki. In na ce riƙe, ko rufin nan zai faɗo kada ka saki."

Ya taka, ya riƙe, ta kwance ɗan notin, baƙin mai ya tsiyaye cikin kwalba. Ya ce bai taɓa jin umarni mai daɗin wannan ba. Ta ce ya rufe mata baki ya sake takawa. Tun ranar ta raɗa masa Zalɓe, shi kuma yana kiranta Shugaba.

"Shugaba, har yanzu ina riƙe. Yaushe zan saki?" ya rubuto mata.

"Sai na ce, Zalɓe."

Ana batun kai magana gida, ƙaninta Audun ya gangaro daga kan dutse, motarsa ta zarce a babbar kwana. Eskil ne ya janyo ta daga ramin.

Bayan jana'izar Audun aka taru a zauren coci ana shan kofi, ana ta cewa hanya ce, gudun yara ne, kwana ne ya ƙare. Haka mutanen garin nan suke: gara su binne ɗa da su ɓata wa maƙwabci rai. Alhali kowa ya san Halvard takalma kawai yake canzawa, ya ƙara sabon mai kan tsoho. Tsohon mai kuwa danshi yake sha. In gangare ya yi tsawo sai ya tafasa, ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa.

Eskil ya ajiye kofinsa ya faɗi haka gaban kowa. Ya ce ya buɗe ya gani, man motar Audun ya fi kofin nan baƙi.

Halvard ya rantse muddin yana numfashi mai janwe ba zai auri 'yarsa ba. Gwaggonni suka fara yi mata tallan Torgeir, ɗan mai kantin magani, yaro mai ladabi da ya iya shiru.

Tordis ta daɗe ba ta amsa kiran Eskil ba. Abin da ke cin ta, ita ma ta sani. Motocin da suka faɗo hannunta kawai take juye wa mai, na hannun mahaifinta ta kau da kai. Da ta rubuta, gajere ne:

"Ka yi gaskiya. Wurin da ka faɗe ta ne ban yafe ba."

"Gobe ma wata motar za ta gangaro, Shugaba. Wataƙila taki."

Ta shigo da motarta gareji, ta ajiye makulli gaban mahaifinta. Ta ce an sa ranar aurenta da Eskil, a cocin kan dutse za a ɗaura, kuma da motar nan za ta gangaro.

"Kai ka duba ta da hannunka, Baba. In ka ce lafiyarta lau, haka zan tuƙo ta."

Halvard ya ɗauki makullin. Ana gobe biki ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kira min mai janwen nan."

Tsohon ya zauna mazaunin direba, Eskil ya durƙusa gindin taya, ba mai ganin fuskar wani.

"Taka, Baba. Riƙe," in ji Eskil.

"Na riƙe."

Baƙin mai ya yi ta zuba, taya bayan taya, har ya koma garau. Tordis tana ganin hawaye na bin gemun mahaifinta, amma ƙafarsa ba ta motsa ba. Eskil ya ɗaure notin ƙarshe. Ita ce ta dafa kafaɗar tsohon ta ce ya saki.

Washegari fasto ya ɗaura aure. Halvard ya riƙe hannayensu biyu a ƙofar coci, ya ce, "Allah ya sauke ku lafiya, ku da duk mai bin bayanku."

A babbar kwana Tordis ta taka birki, motar ta tsaya cak. Suka ajiye wa Audun furannin amarya, sannan Zalɓe da Shugabarsa suka gangara gida a hankali.