Ledar da Ke Aljihun Alhaji

Akwai masu ƙyamar hannun da zai juye fitsarinsu gobe, kuma sun san kansu, ba sai na kama suna ba.

A tsakar gidan Alhaji Shu'aibu da ke Garwa, Hajiya Hindu ta yanke wa ɗanta Taufiƙ hukunci: ba zai auri Hidaya ba. Laifin yarinyar ɗaya, ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon ƙoda da mafitsara.

"Wadda ta wuni tana juye fitsarin mazan mutane ce za ta tuƙa mini tuwo? Ka nemi wata."

Ya yi magiya har ya gaji. Hidaya ta ci kukanta ta ƙoshi, ta ce masa aiki ba za ta bari ba, ba kuma za ta shiga gidan da uwa ba ta so ba.

Ana haka fitsari ya riƙe wa Alhaji, aka sa masa roba da ledar fitsari a lopital, wato asibiti, aka sallamo shi. Hidaya ta hau moto, wato babur, ta zo dubiya, ba wanda ya kira ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ido na aiki. Tsoho na rawar sanyi cikin zafin Garwa, leɓe a bushe. To ina ledar? Ba ta ƙasa, ba ta gefen gado. Sai ta ga aljihun ƙirjin babbar rigarsa ya kumbura.

Suruki ba a taɓa shi, ba a ma yi masa irin wannan zancen. Ta bi Hajiya madafa ta tambaye ta a hankali. Hajiya ta ce ita ta ɓoye ledar can don kada 'yan dubiya su gani, ta kuma rage masa ruwan sha don kada ta yi saurin cika.

"Hajiya, fitsari gangara yake bi. In leda ta fi mara tudu, ciki yake komawa da cuta. A mayar da shi lopital yau."

Hajiya ta ajiye muciya. Tambaya ta ɓarke mata: to in zai je masallaci fa? Ta ina ake buɗe ta? Hidaya ta nuna mata yadda ake wanke hannu, a ɗaure leda a ƙwauri ƙarƙashin wando, a juye ba tare da bakinta ya taɓa komai ba.

Aka mayar da shi lopital, zazzaɓi ya sauka, Alhaji ya dawo gida. Kullum Hajiya ke juye ledar da kanta, ta wanke hannu, ta tuƙa tuwo, gida ya ci. Ran nan ta tsaya tana kallon tafukanta, ta kira Taufiƙ.

"Ka ce wa baffanninka su kai goro."

Hidaya ba ta rama ba, haƙurinta ne ya yi mata shaida. Hannun jinya ba ƙazanta ba ne. Kai mai yatsine fuska, ranar da naka ya riƙe, wa za ka kira? In ƙarya nake, musa.