Shafuka Goma Sha Takwas na Dakta Badamasi

Ni ba mai tona asirin gidan mutane ba ne, duk Gwarinpa ta shaide ni. Amma shekara talatin da ɗaya ana yi mini kallon daƙiƙi a kan laifin da ba nawa ba, saboda haka ku yi haƙuri, wannan karon sai na faɗa.

Abin ya fara wata Laraba da magariba a gidan Dakta Badamasi, darakta a wata ma'aikatar tarayya. Ajinmu ɗaya a jami'a, ni da shi da matarsa Hajiya Indo. Saura kwana goma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta karrama shi, domin shi kaɗai ya fita da sakamako mafi daraja a shekararmu. An idar da salla, unguwa ta yi tsit, ɗan hasken da ya rage a kan katanga yana janyewa a hankali. Sai dutse ya faɗo a kan rufi. Aka saurara. Wani ya biyo, sannan wani, babu gaggawa, kamar mai jifan yana ƙirgawa. Badamasi ya zagaya gidan bai ga kowa ba. Sha takwas Hajiya Indo ta ƙirga, sannan aka daina.

Washegari 'yarsu Mashkura, wadda take ajin ƙarshe a jami'a, ta buɗe littafin da take haɗa firojet da shi, ta tarar an cire daga shafi na 211 zuwa na 228. Yankan a miƙe, irin na reza. Kowace magariba duwatsu sha takwas, kowace safiya wani littafi ya rasa waɗannan shafukan. Na addini kaɗai ba a taɓa ba. Badamasi ya daina cin abinci sosai. Idan aka ambaci lambobin sai ya tashi ya shiga ɗaki.

A rana ta bakwai Mashkura ta zauna a ƙasa a gaban kantar littattafan babanta, ta naɗe ƙafafu, ta ƙi magana. Da rana ta faɗi, ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, a shaƙe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana da ƙarfi ba.

"Ina sauran?"

Ni aka kira, domin a ƙungiyarmu idan abu ya gagara ni ake kira. Na ɗauko Malam Muhyiddeen daga Gudu, dattijo mai ruƙiyya, marar yawan magana. Muka iso washegari ana shirin kiran magariba. Falon ya yi duhu, ba wanda ya tuna da fitila. Malam ya zauna nesa kaɗan da yarinyar ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Labule bai motsa ba, amma ɗakin ya cika da warin tsohuwar takarda.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mazaunin laburare ne ni, bene na biyu. Tun ana dasa itatuwan jami'ar nake can. Ina bin littattafai kanta bayan kanta, kuma ba na tsallake shafi."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ita ba. Shi." Hannun Mashkura ya ɗago ya nuna babanta. "Littafin ƙididdiga, mai koren bango, kwafi ɗaya tak a makarantar. Ina shafi na 210 wannan ya zo da reza a cikin safa, saura mako biyu jarrabawa. Shekara talatin da ɗaya ina zaune a wurin. Ban san inda ya shiga ba sai da aka liƙa hotonsa a ƙofar laburare, har da unguwarsu."

Ni na tsara wannan fostar. Ta yi kyau ƙwarai, kowa ya faɗa.

Badamasi ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Ni kuwa nan take na gane littafin. Daga babin da ya yanke aka ɗauko tambayoyi uku cikin biyar. Mu arba'in da biyu muka faɗi kwas ɗin. Na maimaita shekara, mahaifina ya yi wata shida yana kirana Farfesa a gaban baƙi.

"Badamasi," na ce, "kai ne?"

Bai ɗago ba. "Muktar, yarinta ce. Na ji tsoron kada wani ya riga ni."

"Ya tsaya a gaban taron da za su karrama shi ya faɗa," in ji muryar. "In ba haka ba ina nan."

Malam ya gyara zama, ya fuskanci yarinyar. "Littafi nawa ka yanke a gidan nan?"

Mashkura ta kawar da kai.

"Ina tambayarka."

"Bakwai."

"Shi ɗaya ya yanke. Yarinyar nan Litinin za ta tsaya gaban malamanta ta kare aikinta, ka raba ta da littafinta, ka raba ta da hankalinta. Kai da ka san zafin abin, ka yi wa wadda ba a ma haifa ba a lokacin. Ba ka ji kunyar Allah ba?"

Kan Mashkura ya sunkuya a hankali. Ban taɓa tsammanin zan ga aljani yana jin kunya ba, amma na gani, kuma ya fi wasu daraktoci iyawa.

"To ya dawo mini da shafukana, da hannunsa, ya miƙa wa mai kula da laburare ya faɗi sunansa. Zan mayar da nata. Ba na son komai kuma."

"Wallahi Malam ban san inda suke ba," in ji Badamasi. "Tun a makaranta suka ɓace."

"To ba zan tafi ba."

Sai Hajiya Indo ta miƙe ta hau sama. Muka ji ana jan akwati. Ta dawo da wata tsohuwar ambulan, ta ajiye a gaban Malam. Ganye tara ne, sun yi ruwan ƙasa.

"Da su yake koya mini karatu a ƙarƙashin bishiya," ta ce, idonta a ƙasa. "Ya ce wani kawunsa ya aiko masa daga Ingila. Ranar da muka gama jarrabawa na ɗauke su."

"Indo, kin sani?"

"Baban Mashkura, hatimin laburare ne a ganye na uku, ƙato. Ina da ido. Na ci jarrabawar, na yi shiru. Kullum kana ba yara labarin ƙoƙarinka, ina gyaɗa kai."

Ba wanda ya kalli wani. Mashkura ta miƙa hannu ta ɗauki takardun, ta karanta su ɗaya bayan ɗaya cikin wannan duhun, mu kuwa muna zaune kamar masu zaman makoki. Da ta kai ƙarshe, muryar ta yi ajiyar zuciya.

"Ashe ma babin ba shi da wuya."

Wannan maganar ban yafe ta ba har yau.

Kafin aljanin ya tafi, idon Mashkura ya juyo kaina. "Kai ma na san ka. Bene na uku."

Sharri ne. Malam ma bai bi ta kai ba. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce, "Mami, me ya sa kuke zaune a duhu?"

Da safe littattafai bakwai suka koma daidai. Ranar Asabar Badamasi ya je jami'a tun kafin taro, ya hau bene na biyu da ambulan, Hajiya Indo na biye da shi. Lambar yabon tana cikin but ɗin motarsa har yanzu, bai shigar da ita gida ba.

Ni kuwa na yafe masa, domin ni mutum ne mai girman zuciya. Wata tsohuwar taswira mai yankakken gefe da na je tashar mota ta Utako da sassafe na ba direba ya kai bene na uku na laburare, ba suna a jikin ambulan ɗin, wannan kyauta ce kawai daga tsohon ɗalibi. Bana kuma na ce kada a sa hotona a fosta.