Makulli Na Uku

Ƙarfe goma na safiyar Laraba, Insifeta yana zaune a ofis yana hararar wata takarda da matarsa ta cusa masa a aljihu. Jerin kayan da 'yarsu za ta tafi da su kwaleji ne mako mai zuwa: katifa, bargo, zanin gado, gidan sauro, bokiti, fitila mai caji, butar lantarki, akwatin ƙarfe da kwaɗo. Kwana huɗu yana yawo da takardar nan, kwaɗon kaɗai ya iya saya, shi ma don mai sayarwar ya tare shi a bakin hanya ne.

Sai ga hayaniya daga kantar karɓar ƙara. Kafin Kofur ta gama cewa a tsaya, wata mata ta banko ƙofa tana janye da wata yarinya mai kumburarrun idanu.

"Kai ne Insifetan? To, an kwashe wa autata kaya a ɗakin kwanan ɗalibai, kuma na san ɓarauniyar. Tashi za ka yi ka sa mata ankwa."

"Zauna tukuna, baiwar Allah."

"Ban zo zama ba! Ni tela ce. Wata shida ina taka keke har ƙafata ta kumbura kafin na haɗa kayan nan. Kwana takwas kacal da kawo ta, jiya ta dawo daga aji ta tarar da akwati wayam. Bargo, zanin gado biyu, fitila, buta, gidan sauro, ko allura ba a bar mata ba."

"An fasa kwaɗon?"

"Ko ƙwarzane babu. A kulle ta bar shi, a kulle ta same shi."

Insifeta ya ɗauki hularsa. Ya ce wa Kofur ta zauna kusa da waya.

A ƙofar ginin kwanan 'yan mata su Insifeta suka tarar da mai kula da ɗakunan, wadda kowa ke kira Anti. Mace ce mai jiki, da tarin makullai a ƙugu, tana tafe suna kaɗawa. Gefen ƙofar akwai ɗan kantinta, bokitai jere har kan hanya.

"Yallaɓai, da ba ka wahalar da kanka ba," in ji Anti. "Na riga na gama muku aikin. Da uwar ta zo da safe, na ce mu bincika kayan Doguwar nan da ke ɗakinsu, sai ga bargo. Magatakardan makaranta ya ce ƙarfe huɗu zai sa hannu a takardar korarta."

"Ke ce ɗan sandan ke nan, ke ce alƙalin."

"Shekara goma sha ɗaya ina nan. Daga ƙwayar ido nake gane ɓarauniya."

Duk wanda ya tare shi da amsa tun bai yi tambaya ba, Insifeta ba ya ƙaunarsa.

Ɗaki na goma sha huɗu gadaje huɗu ne, da tabarma a ƙasa bayan ƙofa. Kusa da tabarmar akwai bokiti ɗaya da jakar leda, su ke nan kayan Doguwa. Tana tsaye jikin bango, ta harɗe hannuwa. 'Yan mata sun cika baranda suna leƙe.

Tela ta warce bargon ta juya kusurwarsa. Ga ɗinki uku na koren zare.

"Ka gani? Duk tufar da ta fita daga hannuna sai na yi mata wannan alama. Ɓarauniya kawai, matsiyaciya! An kawo ki karatu kin zo sata."

Insifeta ya kori kowa daga ɗakin, ya rufe ƙofa, ya rage daga shi sai Doguwa.

"Ina kika samu bargon?"

"Kasuwa."

"Wace rumfa?"

"Na manta."

"Yaushe?"

"Shi ma na manta."

"Jiya da rana ina kike?"

"Aji."

Ya dubi hannuwanta. Yatsun sun yi fari fat, sun tsattsage, irin na wanda ya wuni cikin ruwan sabulu.

"A ajin naku wanki ake koyarwa?"

Ta mai da hannuwan bayanta. "Yallaɓai, in tafiya za ka yi da ni, mu tafi. Kun riga kun yanke, tambayar ta mece ce?"

"Ƙarfe huɗu za a kore ki. Kin san haka?"

"Na sani."

"Wa ya biya miki makaranta?"

"Yayana. Babur ɗinsa ya sayar."

Ƙarya take yi a kan bargon, wannan ko makaho ya gani. Amma Insifeta ya sha ganin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya kwashe akwati guda ya ɓoye komai, sannan ya shimfiɗa bargon a ɗakin mai shi ba. Tsoro ne a idon yarinyar nan, kuma ba shi take tsoro ba.

Ya kira Auta, ya durƙusa gaban akwatin. Kwaɗon ruwan zinariya ne, da hoton giwa a cikinsa. Sai ya ji nauyin wani abu a aljihunsa na hagu.

"Makullinki nawa?"

"Biyu. Ɗaya a wuyana, ko wanka da shi nake shiga. Ɗayan yana wurin Mama."

"Ina kuka saye shi?"

"Kantin Anti. Mama ta zo da nata daga gida, Anti ta ce doka ce, kwaɗon kantinta kaɗai ake sa wa akwati."

Ya zaro nasa daga aljihu. Ruwan zinariya, hoton giwa, kamar an tsaga kara. Makulli uku ne ke lilo a zobensa.

Ya fito baranda ya tambayi 'yan matan ɗaya bayan ɗaya. Kowacce makulli biyu aka ba ta. Biyar daga cikinsu sun taɓa rasa kaya, wata fitila, wata dutsen guga, kuma duk Anti ce ta ce su yi shiru, su ƙara kula da 'yan ɗakinsu.

Ya koma mota ya kira Kofur.

"Cire kakin nan, ki sa kayan gida. Ki zo ki karɓi takardar matata a bayan gini. Ke uwa ce yau, 'yarki za ta shigo gobe. Duk abin da ke takardar ki saya a kantin Anti."

"Yallaɓai, ashe dai sai da aka yi sata Madam za ta ga kayanta."

"Rufe mini baki ki zo."

Ƙarfe biyu da rabi Kofur ta dawo motar da kaya niƙi-niƙi. Kwaɗon da aka ba ta makulli biyu ne. Fitilar a cikin kwali take, amma da Insifeta ya danna sai ta kawo haske tar, gindinta kuma da ɗigon busasshen shayi. Zanin gadon an naɗe shi tsaf cikin leda kamar sabo.

Ya sa aka kira Tela ita kaɗai. Ta zo tana huci.

"Har yanzu ba ka kama ta ba? Ko sai na kai ƙararka gaba?"

"Duba wannan."

Ta juya kusurwar zanin. Babu koren zare. Ta taɓe baki za ta mayar, sai yatsanta ya bi bakin kalmasar. Ta tsaya. Ta ɗaga shi ga haske, ta auna da taƙinta, ta sake aunawa.

"Nawa ne."

"Babu alamarki."

"An tsinke ta, ga hudar allurar nan. Amma yadi na saya na kalmashe da kaina. Kekena tsoho ne, duk taƙi guda sai ya tsallake ɗinki ɗaya. Ga shi, ga shi, ga shi. Ko a lahira na gan shi zan gane. Ina ka samo shi? A jakar yarinyar?"

"A kantin Anti. Yanzun nan aka sayar da shi."

Tela ta miƙa masa zanin a hankali.

Insifeta ya koma wurin Doguwa, ya ajiye zanin a gabanta, ya gaya mata inda ya fito.

"Yanzu faɗa mini. Wa ya ba ki bargon?"

Ta dubi zanin, sannan ta yi magana.

"Anti ce. Da na zo ta ce gadaje sun ƙare, amma za ta bar ni in kwana a ƙasa in zan riƙa yi mata wanki da shara. Jiya na wuni ina wanke mata labule, da yamma ta miƙo mini bargon, wai ladana. Har godiya na yi mata, yallaɓai. Auta kuma ba ta taɓa fito da nata daga akwati ba, ban san kamarsa ba. Yau da aka gane shi, Anti ta raɗa mini cewa in na ambaci sunanta za ta ce ba ta ma san da zamana a ginin ba. Wa zai yarda da ni?"

Ran Insifeta ya ɓaci ƙwarai. Ba satar ce ta fi ƙona masa rai ba, godiyar nan ce.

Ƙarfe uku da kwata ya tura aka kira Magatakarda. Mutumin ya zo da fayil a hammata, yana duba agogo. Tare da Kofur da Tela da Doguwa suka tarar da Anti a kanti tana jera kofuna.

"Anti, kwaɗon nan makulli nawa yake zuwa da shi?"

"Biyu."

Insifeta ya ajiye nasa a kan tebur, makullai uku suka yi ƙara.

"Kamfani ne ke bambantawa," in ji ta. "Ni abin da aka kawo mini nake sayarwa."

"Wannan zanin fa?"

"Daga dila yake."

"Dilan uwarki!" Tela ta yi kukan kura, sai da Kofur ta riƙe ta.

"Ina kike ajiye sauran kayan kanti?" in ji Insifeta.

"Ba ni da sito."

"Ɗaki na ɗaya fa, da na ga kwaɗo biyu a ƙofarsa?"

"Rufinsa ke yoyo. Shekara uku ba a buɗe shi ba."

"To yau za a buɗe. Da makullin ƙugunki, ko da guduma?"

Anti ta lalubo makullan a ƙugunta ta buɗe. Rufin lafiyarsa ƙalau. Gadaje huɗu ne a ɗakin, an lafta musu kaya har kusa da silin: barguna, fitilu, butoci, gidajen sauro, da damin sabuwar leda ta naɗewa. A kan taga ga reza da guntayen koren zare. Ƙarƙashin gadon ƙarshe Kofur ta jawo gwangwanin madara, ta zazzage shi a ƙasa. Makullai ne fal, kowanne da 'yar takarda manne, an rubuta lambar ɗaki da ta gado.

Insifeta ya tsinci mai lamba goma sha huɗu da lambar gadon Auta. Ya sa aka kawo akwatin Auta, ya zura, ya murɗa. Kwaɗon ya buɗe.

Anti ta zauna daɓas a kan bokiti.

"Da farko don taimako nake ajiyewa," in ji ta. "Kullum sai wata ta yar da makulli ta zo tana mini kuka. Daga baya na ga iyaye na jibgo kaya kamar za a kai amarya, yaran ko rabi ba sa taɓawa. Fitila ɗaya na fara ɗauka. Ba wanda ya tambaya."

"Yarinyar nan fa? Me ta yi miki?"

"Wannan karon na kwashe da yawa, na san uwar za ta tada ƙura. Dole a samu wadda za a nuna." Ta ɗago ta dalla wa Doguwa harara. "Ita kuma ba ta da kowa."

Kofur ta sa mata ankwa, ta kwance tarin makullan daga ƙugunta ta miƙa wa Magatakarda. Shi kuwa sai zufa yake sharewa. Ya zaro takardar korar daga fayil ya ninke ta, zai sa aljihu.

"Yaga ta a nan," in ji Insifeta. "Saura minti biyar ka sa mata hannu ba tare da ka tambayi yarinyar ko kalma ɗaya ba. Ga kuma gadaje huɗu, ɗalibarka na kwana a ƙasa."

Magatakarda ya yaga takardar. Ya ce Doguwa ta zaɓi gadon da take so.

Tela ta matso tana murza gefen mayafinta, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yata, in an gama shari'a, bargon nan ki riƙe shi."

"Ba na so."

"Haba, ki yi haƙuri mana."

"Ba a nan kika kira ni ɓarauniya ba, Mama." Doguwa ta nuna baranda, inda 'yan mata suka yi cincirindo har kan matakala. "A can ne. Kowa ya ji."

Tela ta dubi Insifeta ko zai sa baki. Ya kau da kai yana gyara hularsa.

Ta taka zuwa tsakiyar baranda. Ta ɗaga muryar da ta cika ofishin 'yan sanda da safe.

"Ku saurara! Yarinyar nan ba ta ɗauki komai ba. Ni na yi mata ƙazafi. Ni ce na zalunce ta."

Doguwa ta juya ta koma ɗaki na goma sha huɗu. Ta ɗauko bokitinta da jakar ledarta da tabarmarta, ta ratsa ta tsakiyarsu kanta a sama, ta shiga ɗaki na ɗaya, ta fara sauke kayan sata daga kan gadon da ke jikin taga.

Kofur ta tasa ƙeyar Anti zuwa mota. Insifeta ya ɗauki kwaɗonsa daga kan tebur, ya ƙirga makullan da yatsa, ya mayar aljihu ya bi bayansu.