Taswirar Ƙayar Aduwa

Ranar Laraba da hantsi Manjo Zeinabu, shugabar wata ƙaramar likita, wato asibiti, a Gaya, ta shiga kwamisariyar 'yan sanda ta ce an yi mata sata. Sufeto Alfari ya tambaya ko magani aka ɗauke. Ta ce a'a, taswira ce.

Da hannunta ta zana ta, ta manna a kan kwali. Duk majinyacin da aka sallama kuma yake cikin rashi, sai ta soka ƙayar aduwa a daidai gidansa. Kowace Alhamis ƙungiyar mata ke dubawa ta kai gero da wake, 'yan kabu-kabu su kai magani, mai jirgi ya bi tungayen bakin kogi. Rajista kuwa suna kawai ke cikinta, kuma masu suna Bawa kaɗai a Gaya sun fi ɗari.

"Gida arba'in da biyu ne, Sufeto, gobe kuma Alhamis. Ko rabi ba zan iya tunowa ba."

A likita, Sufeto ya tarar da kwalin tsirara a bango. Kan taga akwai gwangwanin tumatir, an tara ƙayoyin a ciki, duk kawunansu sama, kamar ana jira su yi tsiro. Ya daɗe yana kallonsu. Ɓarawon nan ya ji tsoron kada wani ya taka.

Isma'il mai gadi ya rantse cewa ya ga wani baƙo daga ƙetaren gada yana leƙen taga jiya da la'asar. Da aka tambaye shi kamannin baƙon, ya fara da dogo, ya ƙare da gajere. Babban yatsansa na naɗe da tsumma. Ya ce ƙofa ce ta datse shi.

Sufeto ya hau moto ya sami Hajiya Zuwera, shugabar ƙungiyar mata, tana auna wake. Ta ce ita abu ɗaya ya ɗaure mata kai. Akwai gidan da sau biyu ƙayarsa na ɓacewa, Manjo tana ganin ramin tana mayarwa. Gidan Alhaji Harun ne, wanda shanyewar jiki ta kwantar.

"Wane Harun?"

"Haba ɗana, kai baƙo ne? Wanda direbobin Dosso ke cin tuwo a ƙofarsa shekara ashirin. Yanzu ko koko sai an dace."

"Yana da 'ya'ya?"

"Ɗaya ya rage a gari. Ai shi ke gadin likita."

Cikin tabarmar Isma'il aka sami taswirar a nannaɗe. Manjo ta warware ta, ga kogi, ga hanyar Bengu, amma babu alama ko ɗaya. Ta zauna a kan benci.

Sufeto ya karɓa, ya fita tsakar gida, ya ɗaga takardar ga rana. Sai ga haske yana tsiyayowa ta ƙananan ramuka, ya zubo masa a fuska da riga, gari guda na taurari da tsakar rana. Ya ce a kawo gwangwanin. Ramuka arba'in da ɗaya suka ƙirga. Na ƙarshen, na gidan Alhaji Harun, an toshe shi da ƙaro, har yanzu bai gama bushewa ba.

Isma'il bai ƙara musu ba. Ya ce ƙaya ɗaya ya so cirewa, Manjo ce ta ƙi mantawa. Da ya ɗauke takardar kuma ya kasa ƙona ta.

"Yallaɓai, baba ya ciyar da garin nan. Kullum ina tsaye a ƙofa ina ganin matan da suka ci tuwonsa suna nuna gidansa da yatsa a kan taswira."

"Kai ka ci abinci yau?"

"Na ci."

"Shi fa?"

Isma'il ya sunkuyar da kai.

Hajiya Zuwera, wadda ta biyo su da kwaryar wake, ta ce gobe ta ƙofar baya za ta shiga, ta ce wa Alhaji tsohon tuwonsa ne ya dawo gida.

Da ɗan sanda ya kama hannunsa za su fita, Isma'il ya tsaya gaban Manjo. Ya zaro ƙaya ɗaya daga gwangwanin, ya kankare ƙaron da farce, ya soka ta da kansa.

"Ƙofar baya koriya ce," in ji shi. "A ƙwanƙwasa da ƙarfi, ba ya ji sosai."